Filin Tambaya da Amsa: Kyautar da Gidan Tarihin Jami'a ke So, da Wadda ke Zame Masa Kaya

Tun da na ambata a wannan fili cewa na yi shekara 19 ina riƙe da littafin rajistar kaya a wani gidan tarihi na jami'a, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan batun kyauta. Na zaɓi biyar daga ciki. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar akwatuna cike da tsofaffin hotuna, da zane-zanen da ya riƙa saya tun yana saurayi, da wasu sassaƙe-sassaƙe na itace. Mu magada mun amince mu ba jami'ar da ya yi karatu, da sharaɗin a keɓe ɗaki da sunansa, a baje komai a ciki, kada a raba, kada a sayar har abada. Yau wata uku da muka rubuta musu, kullum sai su ce kwamiti na dubawa. Wannan ba raini ba ne? Kyauta fa muka kawo. *Daga babbar 'yar marigayin*

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Ba raini ba ne, 'yar'uwa. Da a ce sun karɓe a ranar da wasiƙarku ta isa, ba tambaya ba komai, a nan ne zan ce miki ku yi hattara da su.

Na zauna a irin wannan kwamiti sau ba adadi, don haka bari in leƙa da ke ciki. Duk abin da gidan tarihi ya shigar a rajistarsa, ya ɗauki alkawarin riƙe shi har bayan ran waɗanda suka karɓa. Sai an ba shi lamba, an auna shi, an ɗauki hotonsa, an rubuta duk wani tabo ko tsaga da ya zo da shi, an sama masa gurbi a ma'ajiya, an sa shi cikin inshora. Ita ma'ajiyar kuwa kada ki ɗauka sito ne da ake kullewa a tafi. Ana so laimar iskar ɗakin ta tsaya kusa da kashi 50 cikin 100, zafinsa wajen digiri 20, dare da rana. Laima ta yi yawa, funfuna ta kama takarda da fata. Ta yi kaɗan, itace ya tsage, fenti ya fara ɓarewa. Sassaƙen da ya fito daga gidan mutane ba ya kusantar sauran kaya sai an keɓe shi an tabbata babu ƙwaro a cikinsa, domin guda ɗaya mai ƙwaro ya isa ya cinye kanta guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma kowace shekara sai an sake biya. Wanda ya ba ka doki bai haɗo da ciyawa ba, aiki ya ba ka.

Tsohuwar matsala ce. Gidan tarihin Ashmolean na Jami'ar Oxford a Ingila, wanda aka buɗe a 1683 da kayan da Elias Ashmole ya bayar, ya gaji wani busasshen tsuntsu da ake kira dodo (ba dodon tatsuniya ba, wani tsuntsu ne na tsibirin Morishas da ya ƙare a duniya). Zuwa 1755 ya lalace, kai da ƙafa ɗaya kawai aka tsira da su. A lokacin ba a san dabarun adana irinsa ba. Yau an sani, sai dai sanin yana cin kuɗi.

To, mu zo ga sharuɗɗanku. Na a baje komai kullum, ina roƙonku ku janye shi, don shi ne zai kashe abin da kuke son rayawa. Haske yana cin hoto da zanen takarda, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa ake nuna su cikin dusasshen haske na 'yan watanni, sannan a mayar da su duhu su huta. Akwai wani iyali da suka taɓa kawo mana akwati 14 da irin wannan sharaɗi. Muka yi bayani, suka ƙi, muka ƙi. Bayan shekaru na ga wasu daga cikin hotunan rataye a wani zaure da rana ke duka ta taga, fuskokin mutanen ciki sun zama inuwa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin kayan kirki ne.

Na kada a sayar kuwa, tsoronku yana da tushe. A watan Janairun 2009, bayan durƙushewar tattalin arzikin 2008, hukumar Jami'ar Brandeis a Amurka ta yanke shawarar rufe gidan zane-zanenta na Rose ta sayar da kayan don cike giɓin kasafinta. Aka yi ca a kanta, wasu daga cikin masu sa ido a kan gidan suka kai ƙara kotu, sai a 2011 aka sasanta ba tare da an sayar ba. Jami'a ba gidan tarihi kaɗai take riƙe da shi ba. Ranar da albashi ya gagara, akwai wanda zai kalli bango ya hango kuɗi.

Amma kulli mai tsauri shi ma yana da nasa ciwon. A 1949 mai zanen nan Georgia O'Keeffe ta ba Jami'ar Fisk da ke Nashville ayyuka 101 bisa sharaɗin kada a sayar, kada a raba. Bayan fiye da shekara 50 jami'ar ta shiga matsin da riƙe kayan ma ya zame mata nauyi. Aka yi ta shari'a tun daga 2005 har 2012, a ƙarshe kotu ta yarda a sayar da rabin mallakar kayan ga gidan tarihin Crystal Bridges a kan dala miliyan 30, kayan suna yin shekara biyu a nan, biyu a can. Shekara bakwai lauyoyi suna ci a kan kalmar "har abada".

Da ni ne ku, abin da zan rubuta a takardar kyauta kaɗan ne. Idan wata rana gidan ya ga ba zai iya riƙe wani abu ba, ya fara tayin sa ga wani gidan tarihi na jama'a. Idan sayarwar ta zama dole, kuɗin ya koma kan kayan gidan, kada ya shiga biyan bashin jami'a. Sunan Baba ya kasance a rajista da kuma jikin takardar bayanin kowane abu duk lokacin da aka nuna shi. Wannan ya fi ɗaki daɗewa, don ɗakuna ana rushe su. Ku kuma yarda su zaɓa. Mai yiwuwa kashi ɗaya cikin uku ne ya dace da abin da suke koyarwa, sauran su nuna muku inda ya fi dacewa da su.

Sharaɗin da na fi gani da daraja a tarihin irin wannan kyauta shi ne na Janar Pitt Rivers a 1884. Da zai ba Oxford dubban kayansa, ya ce a gina musu wuri, a kuma naɗa malamin da zai riƙa koyarwa a fannin. Kayan da ake koyarwa da su ba su cika zama marayu ba.

Kafin kwamitin ya kira ku, ku zauna da mahaifiyarku, in tana raye, da tsofaffin abokan Baba, ku rubuta labarin kowane abu: a ina ya same shi, yaushe, a hannun wa. Rasit, wasiƙa, ko rubutun bayan hoto, kada ku yar da ko ɗaya. Gidajen tarihi na kirki suna bin ma'aunin yarjejeniyar UNESCO ta 1970, ba sa karɓar tsohon abu sai sun san yadda ya bar inda aka yi shi. Kwalejin Jesus ta Jami'ar Cambridge ta karɓi kyautar zakaran tagulla a 1905 daga mahaifin wani ɗalibi, alhali ganima ce da sojojin Birtaniya suka kwaso daga Masarautar Benin a 1897. Sai a Oktoban 2021 ta mayar da shi. Ba ina zargin Baba da komai ba. Ina nuna miki dalilin da ya sa za su yi muku tambayoyin da za ku ji kamar bincike ne. Duk magada su sa hannu, kada wani ya ɓullo daga baya. Sannan in da hali, ku haɗa da wani abu na kuɗin kula. Na ga kwamitin da ya yi wata shida yana jan ƙafa ya amince cikin mako guda saboda wannan.

Tambaya: Baba Malam, shekara biyu ke nan da na gama jami'a, na karanta fasahar zane, albashina bai taka kara ya karya ba. Ina son in taimaka wa sashenmu amma ina jin kunyar ɗan abin da zan iya bayarwa. Yana da wani amfani kuwa?

Amsa: Ɗana, kunyar ta ishe ka haka. Mai kyautar da na fi tunawa a duk shekarun aikina wata malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Kowane wata takan aiko da ɗan abin da bai kai a yi masa biki ba, ta rubuta a kai: "na akwatuna." Akwatunan kwali marasa sinadarin da ke cin takarda take nufi, irin waɗanda ake adana zane a ciki. Babu attajirin da zai so a liƙa sunansa a jikin kwali, don haka ba wanda ke biyan kuɗinsu. Cikin shekara shida ta sauya mana akwatunan ɗaki guda. Da ta rasu, mu ma'aikatan ma'ajiya muka fi kowa jin mutuwar.

Abin da ya sa kuɗinta ya yi aiki shi ne yana zuwa a kan kari, ana iya shiri da shi, kuma ta faɗi inda za shi. Kai ma ka yi haka. In ka ba jami'a kuɗi ba ka rubuta komai ba, babban asusu zai faɗa, ba ka sake jin ɗuriyarsa. Ka rubuta sunan sashen da abin da kake nufi. Kai da ka zauna a ɗakin zane ka fi ni sanin inda ke yi wa ɗalibai ƙaiƙayi: fenti da kyallen zane da suke saya da kuɗin aljihunsu, firam ɗin baje kolin shekarar ƙarshe, motar kai su ganin aikin wasu. Ka je ka tambayi shugaban sashen da bakinka, zuwa da kai ya fi saƙo.

Ku haɗu ku 'yan ajinku ma ya fi. A 1920 ɗaliban wata kwalejin mata a Lynchburg ta jihar Virginia da mutanen garin suka yi karo-karo suka tara dala 2,500 suka sayi zanen George Bellows. A 2014 kwalejin, wadda yanzu ake kira Randolph, ta sayar da shi ga babban gidan zane-zanen ƙasa da ke Landan a kan dala miliyan 25.5, abin da ya jawo mata takunkumi daga ƙungiyar shugabannin gidajen zane-zane. Ka ga ƙarfin karo-karo, ka kuma ga abin da ya sa ko ƙaramar kyauta take son rubutu.

Ka bincika dokar harajin inda kake. A Birtaniya, alal misali, tsarin Gift Aid yana ba cibiyar damar karɓo ƙarin peni 25 a kan kowane fam da mai biyan haraji ya bayar, matuƙar ya cike 'yar takarda.

Tambaya: Malam, ka yi haƙuri, ni dai ban gane ba. Ɗalibai na barin karatu saboda kuɗin makaranta, ɗakunan gwaje-gwaje ba kayan aiki, kai kuma kana cewa a ba da kuɗi don zane da kiɗa da wasan kwaikwayo?

Amsa: Ba laifi, ɗan'uwa, tambaya ce mai kyau. In kana da kuɗin abu ɗaya tak, ga kuma ɗalibin da za a kora gobe, biya masa. Ba zan yi gardama da kai a nan ba. Sai dai ka tuna mai karanta kiɗa shi ma ɗalibi ne, shi ma ana korarsa, kuma masu neman ɗaukar nauyinsa ba su kai masu neman ɗaukar nauyin mai karanta likitanci ba.

Inda na saɓa da kai shi ne ɗaukar gidan tarihi a matsayin ado. Ɗakin gwaje-gwaje ne shi ma. Mai karanta tarihi a can yake fara riƙe takardar asali da hannunsa, mai karanta kimiyyar sinadarai a can yake gano me aka haɗa aka yi launin wani zane. A Jami'ar Yale, tun ƙarshen shekarun 1990 wani farfesan cututtukan fata, Irwin Braverman, ya fara kai ɗaliban likitanci gidan zane-zane, a tsayar da su gaban zane a ce su faɗi abin da idonsu ya gani kafin su faɗi abin da suke zato. Likitan da bai iya kallo ba, wace na'ura ce za ta cece shi? Makarantun likitanci da dama sun kwaikwayi tsarin.

Akwai kuma wanda nake so ƙwarai. Kwalejin Oberlin a jihar Ohio tun 1940 take da tsarin ba ɗalibai hayar zane-zane, yau har da na asali irin na Picasso, a kan ɗan kuɗi kaɗan a zangon karatu, su rataye a ɗakin kwanansu. Yaron da bai taɓa shiga gidan zane ba ya kwana wata huɗu da irin wannan aiki a saman gadonsa. Ban san awon da za a auna amfanin wannan da shi ba, amma ban yarda a ce ba shi da shi ba.

Tambaya: Malam, Allah ya yi mini rufin asiri a kasuwanci. Ina son in gina wa jami'ar da na yi zauren wasan kwaikwayo da baje koli, a sa masa sunan mahaifiyata. Me ya kamata in sani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya saka wa Hajiya da alheri. Abu na farko da zan tambaye ka: wa zai biya kuɗin wuta a shekara ta biyar? Gini shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, don ana ganinsa, ana yanka masa kyalle, ana ɗaukar hoto. Na san wani zaure da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan shekara huɗu rufin yana yoyo a kan dandamali, fitilun sun mutu ɗaya bayan ɗaya, babu ma'aikacin da aka ɗauka don kula da su. Mai kyautar ya zo ziyara, ya fita bai ce uffan ba.

Shawarata, ka rage girman ginin, ka ware wani kaso ya zama asusun dindindin, wato irin waƙafi: ba a taɓa uwar kuɗin, ana juya ta, ana cin ribar. Yawancin jami'o'in da ke da irin wannan asusu suna cire kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, sauran ribar ta koma ciki don hauhawar farashi kada ta cinye shi. Lissafin mai sauƙi ne: duk abin da kake so a riƙa biya kowace shekara, albashin mai kula ne ko gyaran rufi, ka ninka shi sau 20 zuwa 25, shi ne abin da za ka ajiye. Lord Fitzwilliam da ya rasu a 1816 ya bar wa Jami'ar Cambridge zane-zanensa da littattafansa, ya haɗa da fam 100,000. Da ribar kuɗin aka yi ginin, bai buɗe ba sai 1848, ga shi yana nan yana aiki.

Akwai tambayoyi biyu da ba kowa ke yi ba, kuma ofishin karɓar gudummawa ba zai fara ɗago su ba. Nawa jami'a ke cirewa daga kyautar a matsayin kuɗin gudanarwa? Sannan, in ka ba sashen wannan kuɗi, za su rage abin da suka saba ba shi a kasafi? Na biyun nan ya fi ciwo. Na ga an ba mu kyauta da hannun dama, kasafin shekara mai zuwa ya janye daidai ita da hannun hagu, mai kyautar bai taɓa sani ba. Ka sa lauyanka ya rubuta cewa kuɗinka ƙari ne a kan abin da ake bayarwa, kuma a riƙa aiko maka da rahoto kowace shekara.

Batun suna, ka tambaya na shekara nawa ne, kuma me zai faru in an rushe ginin an sake wani. Kada ka ji haushi in ka ga sakin layin da ya ba su ikon cire suna idan mai shi ya jawo abin kunya. Tun bayan abin da ya faru da iyalin Sackler, masu kamfanin da ya yi OxyContin (maganin rage raɗaɗi da aka zarga da jefa mutane da yawa cikin jaraba), waɗanda Jami'ar Tufts ta cire sunansu a 2019, Oxford ma ta bi a 2023, kowa ya koyi sa shi. Abin da ba zan ba ka goyon baya a kai ba shi ne neman a riƙa jin ta bakinka a kan wasan da za a yi ko zanen da za a rataye. Wannan na malamai da ɗalibai ne, kuma wata rana za su yi abin da ba zai yi maka daɗi ba a cikin zauren da ke ɗauke da sunan Hajiya. Gara ka san haka tun yanzu.

Neman wani abu a madadin kyauta kuwa ba aibi ba ne, in an faɗa a fili. Mai zanen nan John Trumbull ya ba Yale zane-zanensa, aka buɗe gidan a 1832, bisa yarjejeniyar a riƙa biyansa dala 1,000 kowace shekara har ƙarshen ransa, a kuma binne shi da matarsa a ƙarƙashin ginin. Haka aka yi. Ba na jin kai za ka kai can.

Tambaya: Malam, muna da tsohon fiyano a gida, ya yi shekara 30 ba wanda ya taɓa shi. In kai wa sashen kiɗa?

Amsa: Tsaya tukuna, 'yata. Kira su a waya kafin ki kira masu ɗaukar kaya. Fiyano yana da tsarkiya fiye da 200 da aka ɗaure da ƙarfi, ana so a daidaita masa sauti aƙalla sau biyu a shekara. Wanda ya yi shekara 30 a ajiye, sau da yawa kuɗin tayar da shi ya fi kuɗinsa. Ki samo mai gyaran fiyano ya buɗe shi ya duba allon sautin da turakun da ke riƙe tsarkiyoyin. In ya ce da rai, ki kai musu tare da kuɗin daidaitawar shekarar farko. In ya girgiza kai, ki leƙa sashen wasan kwaikwayo. Su ba ruwansu da sauti, wataƙila suna neman wanda za su ajiye a kusurwar dandamali.